Labarin Ashton Eaton, Gwanin Wasa Goma, da Uwarsa da Matarsa

Labarin da muka kawo muku makon nan daga nesa ya fito, daga ƙasar Amurka. Labarin wani ɗan wasan guje-guje da tsalle-tsalle ne, sunansa Ashton Eaton. Watakila ki ce, ina ruwan filin mata da gudun maza? Yi haƙuri ki karanta har ƙarshe tukuna. Akwai mata biyu cikin labarin nan, ɗaya ta yi renonsa ita kaɗai, ɗaya kuwa ta aure shi, ta kuma ci nata lambobin da ƙafafunta. Ban da wannan, irin wasan da mutumin nan ya yi ya fi kowane wasa kama da aikin da ki ke yi kullum daga asuba zuwa dare, ya kuma yi kama da jarrabawar da 'yarki ke shirin ɗauka.

Wane Irin Wasa Ne?

Yawancin 'yan wasa abu guda su kan riƙe. Mai gudu ya riƙe gudu, mai tsalle ya riƙe tsalle, mai jifa ya riƙe jifa. Amma akwai wata gasa wadda Turawa ke kira dikatalon, watau wasa goma. Mutum guda ne zai yi wasa iri goma cikin kwana biyu.

Ran farko zai fara da gudun mita 100. Daga nan sai dogon tsalle, sai jifan dalma, sai tsallen sama, ya rufe da gudun mita 400. Dalmar nan fa ba abin wasa ba ce, nauyinta kilo 7 da ɗoriya, kamar ki ɗauki jinjiri ɗan wata shida da hannu guda. Kashegari, ga gajiyar jiya ba ta sake shi ba, zai fara da gudun mita 110 yana tsallake shinge goma, kowane shinge ya ɗara mita guda tsawo. Sa'an nan jifan faifai mai nauyin kilo 2, sa'an nan tsalle da doguwar sanda, sa'an nan jifan mashi. Can da yamma, ƙafa ta yi nauyi, sai a ce to, sauran gudun mita 1,500, watau kusan mil guda.

Ga inda abin ya ke da ban sha'awa. Ba a duban wanda ya zo na ɗaya a kowane wasa. Akwai littafin lissafi wanda alƙalai ke dubawa, su juya gudun mutum da tsallensa da jifansa su zama maki. In an gama duka goma sai a tara. Wanda makinsa ya fi yawa shi ya ci, ko da kuwa bai zo na ɗaya ba ko sau guda. Wanda kuwa ya tashi babu maki a wasa guda, to, ya faɗi, kome gwanintarsa a sauran tara.

Akwai kuma ƙanen wannan wasa, haftatalon, watau wasa bakwai. Maza su kan yi nasu lokacin sanyi cikin babban ɗaki mai rufi, gama a ƙasashen nan sanyi da ƙanƙara ba su barin a yi wasa a fili. Mata kuwa wasa bakwai shi ne babbar gasarsu a fili. Su kan yi gudun shinge na mita 100, tsallen sama, jifan dalma, da gudun mita 200 ran farko, kashegari su yi dogon tsalle, jifan mashi, da gudun mita 800. Tun 1984 a ke yinsa a wasannin Olimfik, waɗanda ƙasashen duniya ke taruwa su yi bayan kowace shekara huɗu. Wata Ba'amurkiya, Jackie Joyner-Kersee, ta tara maki 7,291 a birnin Seoul cikin 1988, aka yi shekaru fiye da talatin babu macen da ta kamo ta.

Ɗan Mace Guda

An haifi Ashton ran 21 ga Janairu, 1988, a birnin Portland cikin jihar Oregon, can yamma maso arewacin Amurka. Ubansa baƙar fata ne, uwarsa Baturiya. Yana da shekara biyu iyayen suka rabu, ya zauna hannun uwa, shi kaɗai ne ɗanta. Ta ɗauke shi suka koma wani ƙaramin gari mai suna La Pine, daga baya suka ƙaura zuwa Bend.

Wadda ta taɓa riƙon ɗa ita kaɗai ba ta bukatar a yi mata bayanin wannan zama. Matar nan aiki fiye da ɗaya ta riƙa yi don ta ci da shi, ta biya kuɗin gida, ta saya masa takalman wasa. Yaron kuwa ba ya zama wuri guda. Ya yi ƙwallon ƙafa, ya yi ƙwallon kwando, ya yi kokawa, ya koyi taikwando, wani irin dambe na mutanen Koriya, har ya sami baƙar ɗamara wadda a ke ba wanda ya ƙware. Wata uwar da sai ta ce, kai, zaɓi guda ka bar ni in huta. Ita ba ta hana shi ba. Ashe tanadi ta ke yi masa ba ta sani ba, domin duk waɗannan wasanni su ne suka koya wa jikinsa saurin ɗaukar sabon abu.

Cikin 2006, shekararsa ta ƙarshe a makarantar sakandare, ya ci duk 'yan makarantun jiharsu a gudun mita 400 da kuma dogon tsalle. Duk da haka manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba, gama Amurka cike ta ke da yara masu gudu. Sai malamin wasansu, Tate Metcalf, ya ba shi shawara ya gwada wasa goma. Yaron ko sunan wasan bai sani ba. Haka ya shiga Jami'ar Oregon a garin Eugene, da gudu da tsalle a ƙafarsa, sauran kuwa sai koyo daga bakin fari.

Koyon Abin da Ba A Iya Ba

Ki tuna fa, wannan yaro ne wanda ya saba da cin kowa a garinsu. Yanzu ga shi an miƙa masa doguwar sanda an ce ya ruga da ita, ya kafa ta a ƙasa, ya ɗaga kansa sama ya ƙetare wani tsawo da ya fi katangar gida. An ba shi faifai, ya juya ya jefa, abin ya faɗi nan kusa. Ashton siriri ne, jikin mai gudu gare shi, jifa kuwa yana son mai ƙirji da damtse. Har ya bar wasa, jifan nan uku su ne raunin wasansa. Amma bai ce shi mai gudu ne, a ƙyale shi da jifa ba. Kullum sai ya koma ya ɗauki dalmar nan.

Sannu ba ta hana zuwa. Ya ci gasar jami'o'in Amurka ta wasa goma shekara uku a jere, 2008 da 2009 da 2010. Amma a waje abin bai zo da sauƙi ba. Cikin 2008, wajen zaɓen waɗanda za su tafi Olimfik, na biyar ya zo, alhali uku a ke ɗauka. Cikin 2009 ya tafi gasar duniya a Balin ta Jamus, ya zo na 18. Ya komo gida ya ci gaba da karatunsa da wasansa, ya kuma sami sabon mai horarwa, wani dattijo mai suna Harry Marra, wanda suka zauna tare har ƙarshe.

Cikin 2010 ya fara ba duniya mamaki. A wasa bakwai na cikin ɗaki ya tara maki 6,499, ya wuce 6,476 na Dan O'Brien wanda ya shekara 17 ba wanda ya taɓa shi. Wannan Dan O'Brien yana da labarin da ya kamata ki ji. Cikin 1992 ba wanda ya kai shi a duniya, kowa ya sakankance shi zai ɗauko zinariyar Olimfik. Ran zaɓe, wajen tsalle da sanda, ya raina ƙananan tsawo, ya ce sai an ɗaga sa'an nan zai fara. Da aka ɗaga ya gwada sau uku bai ƙetare ba. Ya tashi babu maki ko ɗaya a wannan wasa, aka tafi Olimfik aka bar shi. Sai da ya jira shekara huɗu kafin ya ci zinariyarsa a Atlanta cikin 1996.

Shi ma Ashton ya sha nasa darasi. A gasar duniya ta 2011 a Daegu, Koriya ta Kudu, shi ne a gaba ran farko. Kashegari wasa ya rikice masa, abu guda ya ɓaci, ya tafi da ɓacin ran zuwa na gaba, shi ma ya ɓaci. Ɗan ƙasarsu Trey Hardee ya wuce shi, wani mutumin Kuba, Leonel Suárez, shi ma ya wuce shi. Sai a gudun ƙarshe ya yi ta maza ya ƙwato matsayi na biyu, da maki 8,505, mutumin Kuba yana da 8,501. Maki huɗu tak ya raba su. Abin da ya koya ran nan shi ne, in wasa guda ya wuce ya wuce, ba a ɗaukar fushinsa a kai wa na gaba.

Kwana Biyu Cikin Ruwan Sama

Cikin Maris 1912... a'a, bari mu bi abin daki-daki. A shekarar 1912 aka fara yin wasa goma irin na yanzu a Olimfik, a birnin Stockholm, wani Ba'amurke ɗan asalin ƙasar, Jim Thorpe, ya ci. Tun daga nan a kan kira wanda ya ci wannan gasa gwanin gwanayen 'yan wasa. Shekara ɗari cif bayan wannan, watau 2012, ita ce shekarar Ashton.

Cikin watan Maris ya ci gasar duniya ta wasa bakwai a Istanbul da maki 6,645, ya wuce duk abin da ya taɓa yi. Cikin Yuni, ran 22 da 23, aka yi zaɓen masu zuwa Olimfik a filin Hayward na garin Eugene, filin da ya yi koyo a kai. Ruwan sama aka wuni yi, ƙasa ta jiƙe. Duk da haka ya yi gudun mita 100 cikin sakan 10.21, ya yi dogon tsalle na mita 8.23, watau yadi tara. Auna yadi tara a tsakar gidanki ki gani. Ba a taɓa yin ko ɗaya daga cikin biyun nan cikin gasar wasa goma ba kafin ran nan.

A wannan fili kuma aka ga ɗaya gefen wasan. Bryan Clay, wanda ya ci zinariyar Olimfik ta 2008, ya yi tuntuɓe da shinge, sa'an nan ya jefa faifai sau uku duka aka soke. Shi ke nan, tafiyarsa ta ƙare.

Da aka zo gudun ƙarshe, masu lissafi suka ga Ashton na iya wuce maki 9,026 na Roman Šebrle, mutumin ƙasar Cek, wanda ya tsaya tun 2001, in dai zai yi gudun mita 1,500 da saurin da bai taɓa yi ba. Ya ruga, jama'ar garinsu na ihu. Mutum biyu ne a gabansa, Curtis Beach da Joe Detmer. Da aka kusa layi sai Curtis Beach ya sassauta, ya kauce gefe, ya bar masa hanya ya shiga na fari. Ya gama cikin minti 4 da sakan 14.48. Aka tara, maki 9,039. Uwarsa da budurwarsa suna bakin fili, suka rungume shi ana kuka.

To, 'yar makaranta, ɗauko allonki mu yi lissafi. Dogon tsalle ya ba shi maki 1,120, gudun mita 100 ya ba shi 1,044. Jifan dalma kuwa 741 kaɗai ya samu, faifai 722, mashi 721. Dalmarsa mita 14.20 ta je, alhali gwanayen jifa su kan wuce mita 21. In da a cikinsu ya shiga, da dariya za a yi masa. Amma tara ukun nan ki gani, 2,184 ke nan. Da maki 13 kaɗai ya wuce Šebrle. Da jifan dalmarsa ya ragu da inci tara, da duk gudun nan da tsallen nan ba su kai shi ba. Watau abin da ya fi rauni a kai, wanda ya yi shekara shida yana fama da shi ba mai tafa masa, shi ne ya cika masa mudu.

Bayan mako bakwai ya tafi Landan ya ci zinariyar Olimfik da maki 8,869, Trey Hardee na biye da shi.

Matarsa Ba 'Yar Kallo Ba Ce

Budurwar nan da muka ambata sunanta Brianne Theisen. Mutuniyar Kanada ce, an haife ta cikin Disamba 1988, ta girma a wani ƙaramin gari mai suna Humboldt cikin lardin Saskatchewan, ƙasar noman alkama da tsananin sanyi. Ita ma Jami'ar Oregon ta zo karatu, ita ma 'yar wasa ce, wasa bakwai na mata ta ke yi. Sau uku ta ci gasar jami'o'in Amurka, 2009 da 2010 da 2012. Mai horarwarsu guda, filinsu guda.

A Landan, inda saurayinta ya ɗauki zinariya, ita ko kusa da ukun farko ba ta zo ba. Ki duba wannan hali. Da wata ce sai ta ce, to, gida guda ai gwani guda ya isa, bari in zauna in riƙa yi masa tafi. Aka ɗaura musu aure cikin Yuli 2013. Wata guda bayan biki suka tafi gasar duniya a Mosko, ango ya ci zinariya, amarya ta ci azurfa. Cikin 2014 ta ci zinariyar wasannin ƙasashen Kwamanwel a Glasgow. Cikin 2015 ta tara maki 6,808 a garin Götzis na Ostiriya, abin da wata mace 'yar Kanada ba ta taɓa yi ba kafin nan. A gasar duniya ta wannan shekara a Beijin ta Sin ta sake cin azurfa. Wadda ta ci ta ran nan, Jessica Ennis-Hill ta Ingila, mai goyo ce, ɗanta bai daɗe da cika shekara guda ba.

Aure bai sa Brianne ta bar ƙasarta ba. Miji yana sa rigar Amurka, mata tana sa ta Kanada, tukunyarsu guda. Cikin Maris 2016 aka yi gasar duniya ta cikin ɗaki a Portland, garin da aka haifi mijin. Mata wasa biyar su kan yi a cikin ɗaki, duka rana guda. Da aka zo gudun ƙarshe na mita 800, Brianne ce ta uku, mata biyu 'yan Yukiren suna gabanta da maki. Ashton kuwa yana tsakiyar nasa wasan, amma ya zo bakin layi yana yi mata ihu. Ta ruga ta bar su can baya, ta ci zinariya da maki 4,881. Kashegari shi ma ya ci tasa.

A Olimfik ta Riyo, ƙasar Birazil, cikin Agusta 2016, ran farko bai yi mata kyau ba, ta kwana tana ta shida. Kashegari ta tashi ta bar jiya a jiya, ta yi ta hawa har ta ƙare ta uku, ta ci lambar tagulla da maki 6,653. Nafissatou Thiam ta Beljiyam, wadda ubanta mutumin Senegal ne, ita ta ci zinariya. Sa'ad da Brianne ke wasa, sai aka hangi mijinta cikin 'yan kallo da hular Kanada a kansa. Waɗansu mutanen Amurka suka yi ta surutu, wai ya ci amanar ƙasa. Bai cire hular ba, bai kuwa ba kowa haƙuri ba. Ya nuna musu matarsa ya zo goya wa baya, kamar yadda ita ma ta ke goya masa.

Ƙarshen Gudu

Mu koma baya kaɗan ga shi mai gida. A Beijin ɗin nan cikin 2015, ya rufe ran farko da gudun mita 400 cikin sakan 45.00, ya wuce abin da Bill Toomey ya yi tun 1968. Kashegari da dare aka sake zuwa inda aka zo a Eugene, watau sai gudun ƙarshe zai raba gardama. Ya bi bayan wani mutumin Aljeriya, Larbi Bourrada, ya gama cikin minti 4 da sakan 17.52, ya faɗi ƙasa don gajiya. Aka tara, 9,045. Da maki 6 ya wuce na kansa.

A Riyo, kwana kaɗan bayan matarsa ta karɓi tata lambar, wani saurayi Bafaranshe, Kevin Mayer, ya matsa masa lamba har gudun ƙarshe. Ashton ya ci da maki 8,893, Mayer yana da 8,834. Da wannan ya zama mutum na uku da ya ci zinariyar wasa goma sau biyu a Olimfik, bayan Bob Mathias na Amurka a 1948 da 1952, da Daley Thompson na Ingila a 1980 da 1984.

Akwai wata al'ada mai kyau ga masu wannan wasa. In an gama, ba wanda ya ci kaɗai ke zaga fili ba. Dukansu su kan tashi su zaga tare, na fari da na ƙarshe, su kama hannun juna su rusuna wa jama'a, gama kowa ya san wuyar da ɗan'uwansa ya sha kwana biyun nan.

Cikin Janairu 2017, miji da mata suka sanar rana guda cewa sun bar wasa. Kowannensu shekararsa 28, ba ciwo ne ya kore su ba, ba kuwa wani ne ya ka da su ba. Sun ga sun ba wasan abin da su ke da shi. Cikin 2018 Kevin Mayer ya tara maki 9,126, ya wuce na Ashton, yadda shi ma ya wuce na wani. Ashton kuwa, da ma ya gama digirinsa tun 2010, sai ya koma ya shiga koyon aikin injiniya, har ya yi aiki da kamfanin Intel. Ya sake zama ɗan koyo ke nan, abin da ya saba.

Abin da Za Mu Ɗauka

'Yar makaranta, ke muka fi nufi da labarin nan. Mun san halinku. Wadda ta iya Turanci sai ta yi ta karanta Turanci don a nan a ke yabonta, in an zo lissafi ta kwantar da kai bisa tebur ta ce ita kanta ba ya ɗauka. Wadda ta iya lissafi ta guji rubutun insha'i. Ran jarrabawa kuwa tarawa a ke yi. Ba a ce ki zama ta fari a abin da ke ba ki wuya ba. Ashton bai taɓa zama gwanin jifa ba. Abin da a ke so, kada ki tashi hannu wofi. In yau kin ci 30, ki nemi 35. Inci tara ɗin nan na dalma, a littafin da ki ke ƙin buɗewa ya ke. In kuwa takarda guda ta ɓaci miki da safe, kada ki shiga ta yamma da hawaye. Share fuska, wannan wata ce dabam.

Uwargida, ke kuwa kin san wasa goma tun ba a gaya miki sunansa ba. Shara, wanka, abin kari, wanki, cefane, girki, jinyar yaro, baƙi, 'yar sana'ar hannu, ga kuma mai gida zai komo da dare. In tuwon rana ya yi gudaji kada ki huce a kan na dare, ko a kan yara. In kuma kin ga maƙwabciya ta fi ki iya miya, wata ta fi ki iya ɗinki, kada ranki ya ɓaci. Wadda ta riƙe duka goma ba ta yar da ko ɗaya ba, ita ce ta riƙe gida.

Sauran magana guda, a kan 'ya'ya. In kina da yaro ko yarinya mai ƙiriniya, yau wannan gobe wancan, duba da kyau kafin ki tsawata, watakila baiwa ce ke neman hanyar fita. Je ki makaranta ki ji abin da malamai ke gani, gama shawarar malami guda ce ta juya rayuwar yaron nan. In 'yarki ce ke da gudu, ko ke da kai, kada a ce mata ta dakata don wai aure zai zo ya rufe kome. Brianne ta ci manyan lambobinta duka bayan an ɗaura mata aure, mijinta kuwa shi ne mai ihu a bakin layi. In lokacin zaɓen miji ya zo, wannan ma abin dubawa ne.

Sai mako mai zuwa. A gai da yara.